Madugu Ba Ya Tsayawa a Ƙofar Marina

A saman ƙofar taragon akwai allon haske, sunayen tashoshi jere a kansa. Tashar da jirgin zai tsaya kore ce, wadda zai wuce kuwa toka-toka. Ba direba ke yanke wannan hukunci ba, don an daɗe da sallamar direbobi. Madugu ne, wato ƙwaƙwalwar na'urar da ke tafiyar da Layin Sama na Birnin Tsamiya. Shi ke sakin jirgi bayan jirgi duk minti biyu, shi ke auna wace tasha ta cancanci a tsaya mata, kuma yana iya sauya shawara kafin ka ƙifta ido.

Injiniya Huzaifa ya san Madugu ciki da bai, don yana cikin waɗanda suka gina shi. Amma yau ba kallon gwaninta yake yi wa allon ba. Da hantsi ƙanin mahaifinsa, Baffa Inuwa, ya kira shi: Allah ya yi wa mahaifinsa, Malam Gwadabe, rasuwa, za a yi jana'iza da zarar an idar da azahar. Huzaifa ne babban ɗa. Kuma tsohon ya sha faɗa masa, rabi wasa rabi gaske, cewa duk bokonsa abu ɗaya yake nema a wurinsa, ya zama hannunsa ne zai sa shi a rami.

Saura tasha huɗu ya kai Ƙofar Marina, unguwarsu, sai sunan ya dushe ya koma toka-toka.

Huzaifa ya taɓa 'yar wayar da ke maƙale a kunnensa ya kira ɗakin sarrafawa. Rumasa'u, mataimakiyarsa, ita ke kan aiki.

"Rumasa'u, me ya sami Ƙofar Marina?"

"Oga, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Ƙa'idar horo ce ta kama tashar. Jirage uku a jere an riƙe musu ƙofa."

To, a nan fa gizo ke saƙar. Lokacin da aka buɗe layin, ba ƙarfe ne ya ba injiniyoyi wahala ba, ba kuma lantarki ba. Mu ne. Mutumin garin nan ba ya rabuwa da baƙonsa haka kawai. Sai ya raka shi har bakin jirgi, ya sa ƙafa ɗaya a ƙofa, a gaida mutan gida, a gaida su Hajiya, af, na manta ban tambayi mai jiki ba. Dattawa biyu kuwa in suka haɗu a ƙofa, sai ka ji "Bismillah, shiga," ɗayan ya ce "A'a, wane ni!" Ƙofa ba ta rufuwa a kan mutum, jirgi ba ya tashi da ƙofa a buɗe, na baya kuma ya cije yana jira, har layin gaba ɗaya ya rikice.

Huzaifa ne ya kawo maganin. Duk tashar da ta cika riƙe ƙofa, Madugu ya daina tsayawa a cikinta har sai jama'ar da ke dandamalin sun ragu. Huzaifa ne kuma ya sa aka cire jan hannun birki daga taragu, tun da mutane sun mai da shi abin jiran aboki. Har lambar yabo aka rataya masa, aka ce ya koya wa gari darajar lokaci.

"Masu zuwa gaisuwa ne, Oga," in ji Rumasa'u. "Kowa ya sauko sai ya tsaya a ƙofa ana yi wa juna ta'aziyya. Yanzu kuma dandamalin ya cika maƙil, ina ganinsu a kyamara. Ba jirgi suke jira ba. Kamar wani suke taryowa."

"Ki tsayar da wannan da hannu."

"Kai ka rufe wannan hanyar. Sai daraktoci biyu sun sa hannu, ɗaya kuma yana masallaci, wayarsa a kashe."

"Rumasa'u, ubana ne fa!"

"Wallahi na sani, Oga. In suka sauka daga dandamalin kafin ka iso, sunan tashar zai dawo kore da kansa. Ita kaɗai ce dabara."

Jirgin ya tsaya a wata tasha, ya zubar da mutane, ya kwashi wasu, ya tashi. Saura uku. Ta taga Huzaifa ya hango hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ya kira Baffa Inuwa.

"Baffa, su wa ke saman tasha?"

"Mu ne mana, ɗan nan. Abokan mahaifinka ne suka ce ba za a bar ka ka sauko kai kaɗai kamar mara gata ba. Ga Sarkin Marina da kansa, ga mutanen kasuwa. Kai dai yi sauri, Liman ya ce in ruwan nan ya sauko ramin zai cika."

"Baffa, don girman Allah ku sauka ƙasa. Dukanku. In kuna nan jirgin ba zai tsaya ba."

"Ikon Allah! Jirgi ya ga mutane ya ƙi tsayawa? Ai na ɗauka don mutane aka yi shi."

"Zan yi maka bayani daga baya. Ka kore su kawai."

"In kore su?" Baffa ya rage murya. "Huzaifa, kana cikin hankalinka? Mutum ya rufe rumfarsa ya zo don ubanka, in dube shi in ce sauka? Da wane bakin?"

"Ka ce ni na roƙa. Baffa, na roƙe ka."

Saura biyu. A cikin taragon kowa ya gane abin da ke faruwa. Wata tsohuwa mai kwandon kayan miya ta tashi ta shiga laluben bango, tana cewa ai da akwai wani jan abu a nan da ake ja. Huzaifa ya kasa haɗa ido da ita.

Bai kashe wayar ba, don haka yana jin Baffa yana ƙoƙari. Sai dai kash, Baffa ba zai iya ce wa dattijo sauka ba sai ya fara da ranka ya daɗe, ya ba da haƙuri, ya kawo dalili. Shi kuma dattijon sai ya ce ba komai, ai tsayuwar lada ce. Rumasa'u ta saki sanarwa ta lasifikar tasha, wasu suka fara juyawa. Da suka isa bakin matakala kuma, ga Sarkin Marina a tsakiyarsu, babu wanda zai yarda ya sauka gabansa. Shi kuma ya tsaya yana cewa, "Bismillah, ku wuce."

"Suna raguwa, Oga," in ji Rumasa'u. "Kaɗan ya rage. Kaɗan!"

Saura ɗaya. Huzaifa ya manna goshi da gilashin ƙofa, yana jan duk addu'ar da ta zo bakinsa. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ga rufin tashar ya taso, ya jira ya ji jirgin ya sassauta.

Bai sassauta ba.

Fararen riguna suka gilma. Ya ga Baffa Inuwa, hula a karkace, ya ɗaga hannu biyu yana tsayar da jirgin kamar yadda ake tsayar da mota a da. Can ƙasa, a ƙofar gidansu, ya hangi tabarmi a shimfiɗe da makara a gindin darbejiya. Sai ginin gaba ya rufe komai.

Ya doki ƙofar da tafin hannu har sau biyu. Sannan ya ɗaga kai, ya ga sauran tashoshin ma suna dushewa ɗaya bayan ɗaya. Madugu na rama lokacin da aka ɓata masa, ya mai da jirgin na kai-tsaye, babu tsayawa sai ƙarshen layi, can hayin kogi. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan gilashi.

"Ɗan nan," in ji Baffa a kunnensa, a hankali, "Liman ya ce a tayar da sahu. Gawa ba ta jira. Ka yafe mana."

Huzaifa ya kashe wayar. Tsohuwar nan ta kama hannun rigarsa ta zaunar da shi a wurinta, ya zauna yana kuka a gaban mutane, bai damu ba.

A hayin kogi ya tsallaka ya hau mai dawowa. Tafiyar ta yi masa tsawo, ruwa na dukan rufi. Da suka doso Ƙofar Marina ya leƙa ƙasa, ya ga maza suna dawowa daga hanyar maƙabarta, riguna sun manne a jiki, ƙafafu duk laka. Mutum biyu na riƙe da makarar, hannu ɗaya-ɗaya, don babu nauyi a cikinta.

Sunan tashar kore shar a kan allo. Jirgin ya sassauta, ya tsaya daidai kan layinsa. Ƙofofi suka buɗe, babu ko mutum ɗaya a dandamalin. Muryar Madugu ta fito daga lasifika, tattausa, irin yadda Huzaifa da kansa ya zaɓa mata.

"Barka da zuwa Ƙofar Marina. Mun iso a kan lokaci."