Shayin Mailafiya

Ana saukowa daga Juma'a aka bugo wa Sufeto Mukhtaru waya: mutum ya faɗi matacce a wani gidan abinci a unguwar Zahir, a Makka.

Gidan na wani ɗan Japan ne da ya musulunta, Alhaji Abdurrahim. Yana da keɓaɓɓen ɗaki a sama, inda manyan 'yan kasuwa ke cire takalmi su zauna a ƙasa, su ci ɗanyen kifin da ake kawowa daga Jidda cikin ƙanƙara. A nan Mukhtaru ya tarar da gawar Mailafiya, dillalin alhazai, kumfa a bakinsa. Abokan cin abincinsa sun raɓe jikin bango.

"Kifin ne, wallahi!" in ji Rabe, mai shago a unguwar Hindawiyya, wanda ya shirya liyafar.

A waje jama'a sun taru, har ana cewa a cinna wa gidan wuta. Askar biyu kawai, wato 'yan sanda, Mukhtaru ya zo da su.

Ya dubi tiren kifin. Guda ɗaya ne, sauran duk sun ci, babu wanda ko cikinsa ya murɗa.

Ya sauka kicin, ya sami Ɗaso, dattijon da ke kai abinci.

"Ban shiga ɗakin ba, ranka ya daɗe."

"To wa ya kai tiren? Baba, na san ba ka da iƙama, takardar zama. Ba jawazat, hukumar shige da fice, ta aiko ni ba."

"Marigayin bai taɓa kifi ba, ƙyama yake. Koren shayi kawai ya sha."

"Wa ya zuba masa?"

"Alhaji Rabe ya karɓe butar a bakin ƙofa."

Mukhtaru ya koma sama. A gindin kofin Mailafiya akwai wani farin gari da bai narke ba.

"Ni ban taɓa buta ba," in ji Rabe.

"Tayyib. Zazzage aljihunka."

Ƙunshin maganin ɓera ya faɗo, saura kaɗan a ciki. Rabe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna.

"Shekarar da muka iso daga Fort Lamy ta Chadi na damƙa wa Mailafiya ƙanwata Ramlatu, tana yarinya, ya kai ta Madina ziyara. Ya dawo ya ce zazzaɓi ya kashe ta. Watan jiya na tsince ta a kasuwa. Ashe sayar da ita ya yi. Sai bara da aka 'yanta bayi ta fito. Ko Hausa ba ta ji."

"Me ya hana ka kawo ƙara?"

"Wa zai saurare ni a kansa?"

Mukhtaru ya sa masa ankwa, ya tura askar ɗaya ya shaida wa jama'a ba kifi ba ne. A kan matakala Rabe ya tsaya.

"Sufeto, tana gidana, tana jirana. Don Allah kai za ka gaya mata. Da Larabci, a hankali."