Lallen da Aka Ajiye wa Alhasan

Raihana na zaune a tsakar gida tana tankaɗe lalle a faranti, Inna Dije na gefenta tana soya gahawa a kasko. Lallen ba sabo ba ne. Fiye da shekara yana ƙulle a ƙasan akwatin Inna, tun ranar da ta sayo shi a kasuwar Sinnar don auren ɗanta Alhasan. Alhasan bai kai ga auren ba. Harsashi ya same shi a hanya, farkon zuwan yaƙi Jazira, a ƙasar Sudan. Yanzu ƙanwarsa Raihana za a ɗaura wa aure ranar Juma'a da Mujtaba, ɗan marigayi gafir, mai tsaron ƙofar ruwan ƙauyensu a yamma da Wad Haddad.

Mahaifinta Malam Usmanu ya shigo fuskarsa a ɗaure, ya zauna bakin angareb, gadon igiya, bai ko cire takalmi ba. Masu bindigar da suka kama yankin sun yi mako uku da rufe ƙofar tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonakin garin, suka karkatar da ruwan zuwa gonakin da suka ƙwace. Yau kuma sun aiko da sabuwar doka: duk wanda aka kama ya taɓa ƙofar, za a ƙone gidansu, a kori danginsa har surukai.

"Waɗanga Masu Buhu za su ja muna wuta," in ji shi.

Masu Buhu samari uku ne da ba a san fuskarsu ba. Da tsakar rana, lokacin da masu gadi ke barci a inuwar mota, sai su fito da buhun auduga a ka, an huda wajen idanu, su ɗaga ƙofar ruwa ya kwarara na awa guda, su mayar su ɓace. Yara sun ce tashi sama suke yi kamar jaruman fim ɗin waya, wai harsashi ruwa yake zama a jikinsu. Inna ta ce in dai da gaske suna tashi, su zo su gyara mata rufin ɗaki kafin baƙi su iso. Malam bai yi dariya ba. Raihana ma ba ta yi ba, don ita ta ɗinke bakin ramukan buhun guda da hannunta, kuma ta san ƙarfen juya ƙofar da Mujtaba ya gada wajen mahaifinsa yana ɓoye cikin kara.

Ran Laraba aka sa wa ango lalle a gidansu, kamar yadda ake yi a ƙasar. Ba kiɗa, ba fitilu. Gwaggonsa ta cika masa tafin hannu da yatsu, 'yan uwa suka ci dabino aka watse.

Ran Alhamis dawa ta fara naɗe ganye, ga ta tana shirin fid da kai. Duk manomi ya san in ta ƙara kwana biyu ba ruwa, babu abincin bana. Mujtaba ya ɗauki buhunsa. Ya tuna da fuskarsa, ya tuna ya sauya takalmi, bai tuna da hannunsa ba. Yana cikin juya ƙarfen ɗaya daga masu gadi ya farka. Ya yi harbi bai samu kowa ba, amma ya ga abin da ya ishe shi: jajayen hannaye biyu a kan ƙarfe.

Kafin la'asar saƙo ya iso. Gobe bayan sallar Juma'a kowane namiji zai nuna hannunsa.

Ango ɗaya ne a garin. Gwaggonsa ta goge hannun da lemun tsami, da toka, da yashi har fatar ta fara jini, lallen sai ƙara turuwa yake. A gidan su Raihana kuwa Malam Usmanu ya ce babu aure. Ya ce a mayar da kayan aure yau ɗin nan, a shaida wa kowa ba abin da ya haɗa gidansa da gidan gafir. Inna ta tuna masa ruwan da yaron ya buɗe har gonarsa ya shiga.

"Na binne Alhasan da hannuna, Dije. Kina son in tsaya in ga an cinna ma ɗakinki wuta don dawa? Halas, na gama magana."

Hawayen Raihana na ta sauka a cikin farantin. Ana haka Mujtaba ya yi sallama, ya durƙusa nesa da Malam, hannuwansa cikin aljihun jallabiya. Ya ce bai zo roƙo ba. Da safe zai kai kansa wajensu, ya ce shi kaɗai ne, kuma an fasa auren tun kafin ya taɓa ƙofar. Ya nemi gafara, sannan ya juya wajen Raihana bai iya kallonta ba.

"Wanda ya ɓoye fuska ya bar hannu waje," ta ce. "Yaya Mujtaba, haka jaruman waya suke yi?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya fita.

Ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta tashi ta kwaɓa lallen gaba ɗaya a kwano, rabonta na amarya da na ƙawayenta, ta ɗauko ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan saɓa maka ba. In ka ce babu aure, babu. Amma lallen ga na Yaya Alhasan ne, kuma da ya rayu, shi zai fara sa hannu ciki don abokinsa Mujtaba. Ai abokan ango ma ana sa musu. Ba ni hannunka a madadinsa."

Malam Usmanu ya kalli lallen, ya kalli tsumman da aka kwance shi daga ciki, wanda guntun tsohuwar rigar Alhasan ne. Rabonsa da lalle shekara talatin, tun aurensa da Dije. Gemunsa ya jiƙe kafin ya miƙa hannun.

Shi da kansa ya ɗauki kwanon ya bi gida gida da sauran hasken rana. Wasu sun ji tsoro, ya ce musu ruwan da ya shiga gonarsa ya shiga tasu. Liman ya ce shi tsoho ne, me zai yi da lalle. Malam ya ce masa ai tsufa bai hana shi cin tuwon dawa ba. Da na Alhasan ya ƙare, mata suka fito da nasu na ajiya. Inna ta koya musu su shafa mahlabiyya, man ƙamshin lalle, su kara hannun a hayaƙi, don sabon lalle ya turu ya kamo na ango.

Ran Juma'a aka jera maza a ƙofar masallaci cikin rana. Shugaban masu bindiga ya ce a ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, na tsofaffi masu jijiya, na manoma masu kanta, duka ja. Ya bi layin har ƙarshe ya dawo, ya tambayi waye uban amarya.

"Angwaye nawa ɗiyarka ke da su, ya hajj?"

"Guda ne. Sauran abokansa ne."

"To nuna min shi."

Malam ya ce idonsa ya yi rauni, kuma yau duk sun yi masa kama da juna. Da gindin bindiga aka kai shi ƙasa, aka ƙara masa a haƙarƙari. Ba wanda ya nuna angon. Mujtaba ya yunƙura zai fito, liman ya damƙe masa hannu da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. Da suka gaji, suka kora tumakin garin suka tafi. Ba gidan da aka ƙone.

A kan angareb, yana numfashi da ƙyar, Malam Usmanu ya ba da auren a yammacin nan. Aka kai Raihana ɗakinta da fararen hannaye, amarya ta farko a garin da ba ta da ko ɗigon lalle.

Dawa ta yi, ko da ba kamar da ba. Malam ya ci tuwon sabuwar dawa sau biyu, ciwon ƙirjin bai bar shi ya ci na uku ba. Masu wankan gawarsa sun ce lallen na nan a rabin farcensa. Bayan watanni masu bindigar suka bar yankin, Mujtaba ya buɗe ƙofar ruwa da fuskarsa a waje, garin ya naɗa shi gafir a gurbin mahaifinsa. Ɗansu na fari sunansa Usmanu.

Ku da kuke karantawa, ku riƙe wannan. Wanda ya tsaya wa gaskiya ba shi kaɗai yake tsayawa ba, iyayensa da duk mai ƙaunarsa suna cikin hatsarin, don haka kada ya raina tsoronsu. Raihana ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Haƙuri da ladabi ne suka buɗe zuciyar da baƙin ciki ya rufe.

Har yau in za a sa wa ango lalle a garin, sai an fara ɗiba a ƙaramin kwano an ajiye wa Alhasan a gefe. Ba mai taɓa shi sai ya bushe.