Motar Malam Mati Mai Waifa Ɗaya

"Babanki ya ce a maida goron Malam Mati."

Taɓarya ta kuɓuce daga hannun Zuwairatu, gero ya fantsama a tsakar gida.

"Inno... a maida? Mi ya yi?"

"Shi bai yi komi ba. Motarshi ce."

"Mota ta yi laifi?"

Inno ta duƙa tana tsince geron, ta ƙi haɗa ido da ɗiyarta. A hankali ta zayyana mata abin da ya faru. Jiya bayan La'asar, Sammani ɗan Alhaji Lado mai awon gyaɗa, wanda shi ma yake son Zuwairatu, ya tsaya da motarsa a ƙofar gida, ya gaida Malam Daudu, mahaifin Zuwairatu, sannan ya nuna masa wasu ƙarafa guda biyu da ke kwance jikin gilashin gaba. Ya ce sunansu waifa, su ke share ruwan sama don na ciki su ga hanya, ɗaya ta direba, ɗaya ta wanda ke zaune gefensa. Ya ce kowace mota da biyu take zuwa. Daga nan ya rage murya ya ce ta Mati guda ɗaya gare ta, domin ya cire ta wajen zaman mace.

"Don mi zai cire?"

"Wai don matar da ya ɗauka kada ta gane hanyar komawa gidan ubanta."

"Haba Inno! Ruwa shekara yake yana zuba? Da rani fa?"

"Na faɗa mashi haka. Ya ce shi ba ruwan yake dubawa ba, niyyar yake dubawa."

Zuwairatu ta san inda maganar ta soki mahaifinta. Yayarta Hussaina an aurar da ita can bayan dajin Ruma, kuma tun da aka kai ta ba ta sake taka Batsari ba. Malam Daudu ba ya ambaton sunanta, amma duk ranar kasuwa sai ya tsare fataken da suka fito ta wannan yanki yana tambayarsu labari.

Hawaye suka cika idon Zuwairatu. Amma tare da hawayen akwai wata tambaya da ta hana ta sakat: da gaske ne guda ɗaya ce?

Wannan abu ya faru ne a farkon daminar 1956, lokacin da Batsari da Safana suke ƙarƙashin En'e ta Katsina, motocin da ke bin hanyar burjin da ta haɗa su kuwa ba su da yawa. Mati malamin dabbobi ne na En'e, mazauninsa Safana, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allurar rigakafin ciwon bushiya. Motarsa baƙa ce, ƙirar Ingila, irin wadda Turawa ke kira Popular. Tsohon fasali ne na kafin yaƙin duniya na biyu, aka ci gaba da ƙera shi bayan an rage masa duk abin da mota za ta iya tafiya ba tare da shi ba. Ba ta da rediyo, ba ta da ƙarfe mai ƙyalli, bambarta, ƙarfen kariya na gaba da baya, fenti ne kawai, ƙofofinta biyu, giyarta uku. Sitiyari yana dama, domin a zamanin ta hagu ake tuƙi a ƙasar nan. Ta Sammani kuwa doguwa ce, tana sheƙi tun daga hanci har wutsiya, ga rediyo.

Ranar kasuwar Batsari Zuwairatu ta karɓi aiken Inno na sayen daddawa, amma sai ta bi ta gindin tsamiyar da motoci ke tsayawa.

Ta fara da ta Sammani. Biyu.

Ta matsa ga ta Mati.

Ɗaya.

"Ranki ya daɗe, mota za ki saya?"

Ta juya a firgice. Mati ne, da jakar allurarsa a kafaɗa, yana murmushi, amma idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Labari ya riga ya kai masa.

"Malam, ina ɗayar?"

"Zuwaira... har da ke?"

"Ban ce na yarda ba. Tambaya na yi. Ka san ni, in ban gane abu ba, ba ni iya cin abinci."

"Na sani, farin cikin raina. Ke ce kika tsare ni da tambayar inda ruwan cikin inji yake zuwa har na makara Magariba." Ya ajiye jakar. "Miƙo hannunki. Shafa nan, saman gilashi, wajen zamanki."

Ta yi ɗage, ta miƙa hannu ta shafa. Ƙarfen sumul yake.

"Kin ji rami? Kin ji gurbin ƙusa?"

"Babu."

"To ba a taɓa sa mata ba, balle a cire. Haka aka ƙera ta. Masu ƙirar sun ce direba ne ke buƙatar gani, wanda ke gefe ya yi haƙuri."

"Su kau matansu ba su son kallon hanya?"

Dariya ta kuɓuce masa duk da halin da yake ciki.

"Wannan sai ki tambaye su. Bari in je in nuna wa Baba kamar yadda na nuna maki."

"Kada ka je." Ta girgiza kai. "Zai ce ka sa maƙeri ya toshe ramin. Sammani ya riga ka shiga kunnenshi. Baba ba zai ji daga bakinka ba, ba zai ji daga nawa ba... amma akwai wanda ba ya iya yi wa musu."

"Wa?"

"Gwaggo Hansai."

Gwaggo Hansai ita ce yayar Malam Daudu, ita ta goye shi, kuma har a lokacin da sunansa take kiransa gatsal a gaban mutane. Al'ada ce dangin yarinya su tura babba ya ga gidan mai nema da mutanensa, ita kuwa ba a taɓa yin wannan bincike a zuri'arsu ba tare da ita ba. Da Zuwairatu ta durƙusa ta gama bayani, tsohuwar ta tauna goronta ta daɗe.

"Wato so kike in shiga cikin ƙarfen nan da raina?"

"Gwaggo, ke kaɗai gare ni..."

"Rufe mani baki, ja'ira. Zan je. Amma ba ranar da gari ya yi garau ba, sai ranar da hadari ya haɗu, in ga abin da idona. Kuma ƙafata ƙafarki. In mutuwa ce mu mutu tare, tunda ke kika jawo."

Malam Daudu ya so ya hana. Gwaggo ta dube shi sau ɗaya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar da hadari ya haɗu Mati ya zo da motarsa, suka tashi da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Gwaggo a gaba ta riƙe kujera da hannu biyu tana salati, Zuwairatu a baya tana leƙen kowane motsi na hannun Mati.

"Malam, wancan sandan da kake turawa fa?"

"Giya ce."

"Mi take yi?"

"Ke Zuwairatu!" in ji Gwaggo. "Ki bar yaro ya ji da abin da ke gabanshi!"

Sun kusa Zakka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mati ya kunna waifa, ta fara kai da komo a gabansa. Gefen Gwaggo kuwa ya koma fari fat, ko itace ba a gani.

Gwaggo ta juyo a hankali.

"To. Ga shi kuwa. Kai kana gani, ni ina zaune kamar an kifa mani ƙwarya."

"Gwaggo, wallahi haka..."

"Ban tambaye ka ba."

Zuwairatu ta dafe kai. Da hannunta ta kawo mai shaida, ga shaidar tana neman kashe ta.

Sai hanya ta fara hawa tudu. Mati ya taka totur, inji ya yi gurnani, waifar nan ta fara jan jiki kamar mai ciwon baya. Ta rage... ta ƙara ragewa... ta tsaya cak a tsakiyar gilashi.

"Malam, ta mutu!"

"Ba ta mutu ba. Da numfashin inji take aiki. In inji yana fama da tudu, ba ya rage mata komi, sai mun sauka take farfaɗowa."

Haka ƙirar irin waɗannan motoci take a wancan zamani, kuma duk wanda ya tuƙa su da damina ya san wannan hali nasu.

"Yanzu kai ma ba ka gani ke nan?" in ji Gwaggo.

"Ko kaɗan, Gwaggo."

"La'ilaha illallahu! To tsaya mana!"

"In na tsaya a nan, laka za ta ja mu baya. Ta wajena ina leƙawa, amma kwazazzabon yana ta wajenki. Don Allah ki sauke gilashin ƙofa ki faɗa mani inda bakin hanya yake."

Gwaggo ta murɗa gilashin ya sauka, ta tura kai waje, ruwa ya mare ta, ta dawo da shi da sauri.

"Idona ba ya kai nan! Ke, taso!"

A daidai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri Mati ya taka birki. Gwaggo ta koma baya tana mita, Zuwairatu ta dawo gaba, ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta fitar da kai da kafaɗa ta taga.

"Mu je, Malam!"

"Kin tabbata, abar ƙaunata?"

"Ka bar ƙauna sai mun hau tudu!" in ji Gwaggo daga baya.

"Dama kaɗan! Akwai rami... wuce! Yanzu miƙe. Ga wata kuka mai rassa biyu, hanya ta bi ta hagunta. Hagu, Malam, hagu! Tsaya, shanu!"

Suka jira garken ya tsallaka, makiyayin yana kallon yarinyar da ke ba mota umarni, baki buɗe.

Da suka gangara waifa ta farfaɗo, amma Zuwairatu ba ta maido kanta ciki ba. Ruwa na zuba a fuskarta, ita kuwa tambaya take yi. Wane ƙauye ne wancan? Wannan rafin ina ya nufa? Dutsen can mai kama da turmi yana da suna? Mati yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, inda bai sani ba ya ce bai sani ba. A kowane tudu waifa ta tsaya, a kowane tudu ita ce idonsa.

A Safana mahaifiyar Mati ta ba su busassun zannuwa da fura mai sanyi. Gwaggo ta zagaya gidan, ta leƙa rumbu, ta yi hira da maƙwabta, ba ta nuna wa kowa ra'ayinta ba. Da ruwa ya ɗauke suka juyo.

Malam Daudu yana zaure lokacin da suka iso. Sammani ma yana nan, wai ya biyo gaisuwa.

"Sannunku da hanya, Yaya. Yaya kuka baro su?"

"Lafiya lau. Daudu, waifa ɗaya ce."

Sammani ya gyara zama yana murmushi.

"Kuma ko ta kirki ba ce," Gwaggo ta ci gaba. "Da ta ga tudu sai ta kwanta. Wanga yaro in matarshi ba ta san hanya ba, a kwazazzabo za a tsince su su biyun. Kai kuma ɗan Lado, tashi ka ba mu wuri, maganar gida za mu yi."

Sammani ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba.

Malam Daudu ya dubi ɗiyarsa da ke durƙushe a bakin ƙofa.

"Zuwairatu."

"Na'am, Baba."

"In kin fito daga gidan nasu, ina za ki fuskanta?"

"Arewa, Baba. Zan bar masallaci a damana, in bi burji har rafin da ke da gadar itace. Daga nan sai dutse mai kama da turmi, sai gonakin Zakka. In na hau tudu zan ga kuka mai rassa biyu, kwazazzabo yana gefe, ba a matsa mashi. Bayan nan hanya miƙaƙƙiya ce har tsamiyar kasuwa."

"In babu mota fa?"

"Da ƙafa ma zan zo."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya murza bakin rigarsa. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Malam Mati yana waje?"

"Yana jikin mota, Baba."

"Ki ce ya shigo. Ki kuma faɗa wa innarki ta kwance goron nan a raba."

An ɗaura aure bayan an gama girbi. Ranar kai amarya sararin sama tas yake, babu ko ɗigon ruwa, gilashin mota garau. Duk da haka, da suka fita daga Batsari, Zuwairatu ta ɗage lulluɓinta kaɗan ta sa hannu ta sauke gilashin ƙofa.

"Amarya ba ta leƙe," in ji Gwaggo daga baya.

"Ba leƙe nake ba, Gwaggo. An sare wani itace a nan, ina son in san da mi zan gane kwanar."

Mati ya rage gudu, har sai da ta gama dubawa.