Gilashin Likitan Bango

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Maman Auta tana tsakar gida tana kwashe shanya, ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta, ta haɗa da waɗanda suka haife su. Abu na biyu da ya faɗo a gabanta ba dutse ba ne. Guntun gilashi ne, tsawon ɗan yatsa, da busasshen gam a gefensa.

Maigidan ya ɗauka ya juya shi. Ya san gilashin, shi ya yanka shi da hannunsa.

Ma'aikacin hukumar kula da kayan tarihi ne. An ɗora masa sa ido kan wani tsohon kufai a bayan gari, inda kamfanin haƙar ma'adinai ya cinye tudun da ke gefe har ramin ya kusa gindin bango. Duk inda bangon ya tsage sai ya manna siririn gilashi a kan tsagar. In ya dawo ya tarar gilashin ya fashe, tsagar ta ƙara buɗewa ke nan, sai ya ɗauki hoto, ya rubuta rahoto, ya manna sabo. Leburorin kamfani suka raɗa masa suna Likitan Bango. In ya wuce da jakarsa su ce, "Likita, ya mai jiki?" Shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce muddin yana numfashi ko marmashin ƙasa ba zai faɗi a wurin ba, sa hannunsa kaɗai ya isa ya kulle kamfanin. A gida ma haka yake cika baki, har Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta iya kwaikwayonsa da tafiyar da komai.

Daga ranar da gilashin ya faɗo, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da la'asar kamfani zai busa jiniya ya tayar da nakiya, tagogi su girgiza, rana na faɗuwa jifa ya fara. Can ɗakin baya, inda yake ajiye kayan aiki, sai a riƙa jin tari, busasshen tarin tsohuwar da ta shaƙi ƙura, da kukan yara ƙasa-ƙasa kamar ana toshe musu baki. In an buɗe ƙofa babu kowa sai warin tsohuwar ƙasa.

Auta ta daina dariya. Takan zauna ta fuskanci bango tana bin tsagar siminti da yatsa. Uwarta ta wanke mata kai da safe, kafin yamma jar ƙura ta cika kitson. Asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba. Wata magariba uban ya shigo da jakarsa, yarinyar ba ta waiwayo ba, ta ce da muryar da ta girmi kakarta, "Likita, ya mai jiki?"

Jakar ta suɓuce daga hannunsa.

Washegari ya kawo malami mai ruƙiyya, dattijo mai sanyin magana. Malam ya zauna a tabarma ya soma karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Ya daɗe yana yi kafin Auta ta tanƙwashe ƙafa, ta dafa ƙugu kamar mai ciwon baya.

"Sassauta, Malam," in ji muryar. "Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Bakinta na ara, don uban ba ya jin jifa. Ni ce mai kufai. Tun masu ginin suna raye muke maƙwabtaka da su, suka mutu suka bar mu. Yanzu ƙasa rawa take a ƙarƙashinmu, jikokina ba sa barci." Ta juyo da idon Auta kan maigidan. "Kai kaɗai kake mana sallama in ka shigo. Mun ji ana ce maka likita, mun ga kana manna wa bango magani. Maganin nan ba ya ci, ɗana. Shi ya sa muke dawo maka da shi. Ka sake wani."

Likitan Bango ya sunkuyar da kai. "Iya, ba magani ba ne. Yana nuna mini ne kawai in bangon ya ƙara tsagewa."

"In ya nuna maka sai ka yi me?"

"In rubuta wa ofis."

"Ofis ya ce me?"

"Ya ce a ci gaba da sa ido."

Sai hawaye suka gangaro a fuskar yarinyar, ba wanda ya san na wace ce a cikinsu.

"Ai mun ji ka ce sa hannunka zai kulle su."

Maman Auta ta dube shi, ta kau da kai.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, zalunci ne ki zauna a jikin da ba naki ba. Ki kwashi iyalinki ku koma kan duwatsu."

"Waɗanne? Waɗanda aka loda a tifa?"

Malam ya ja carbinsa. Can ya ce ko ma mene ne, yarinyar dai sai an sake ta. Tsohuwar ta nemi a ba ta ɗakin baya, Malam ya ƙi. Ta nemi soro, ya ƙi. Daga ƙarshe ta ce, "To, zan fita, kuma na rantse ba zan sake taɓa ta ba. Muddin babban bangon yana tsaye ba za ku ji ɗuriyarmu ba. Ranar da ya faɗi kuwa, Malam, ba mu san ƙofar kowa ba sai wannan."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a cinyar uwarta, ta farka tana neman ruwa.

Jifa ya tsaya. Likita ya bi ofis-ofis har takalminsa ya ɗaye, ya roƙi manajan kamfani a rage ƙarfin nakiya, aka ba shi shayi aka rako shi bakin ƙofa. Ya sayo katako da kuɗin aljihunsa ya tokare bangon. Leburori suka ci gaba da tambayarsa mai jiki, ya daina ba su amsa.

Wata yamma bayan jiniya ya dawo gida da wuri, jar ƙura tun daga gira har takalmi, jakarsa cike da gilashin da bai sami inda zai manna ba, don babban bangon ya faɗi. Maman Auta ta dube shi sau ɗaya. Ta tura Auta gidan gwaggonta, ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin baya, ta fitar da kayan aikinsa, ta shimfiɗa tabarma.

Suka zauna a tsakar gida har aka kira magariba. Wata 'yar tsakuwa ta sauka kan kwano a hankali, kamar mai jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa.

Likitan Bango ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Ku shigo, Iya. A kula da dokin ƙofa."