Ruwa a Hannun Dama

Akwai wata yarinya a birnin Kaohsiung mai suna Wanru. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar. Ta iya tuƙa keke ƙwarai. Sai dai tana da wani hali. Ba ta bari mutum ya ƙarasa magana. Kana buɗe baki za ta ce, "Na sani, na sani!"

Wata Asabar, 'yan ajinsu suka shirya yawon keke a tsibirin Cijin. Da safe suka shiga jirgin fito, kowa riƙe da kekensa, kowa da hular kwano a ka. Cikin 'yan mintoci suka tsallaka.

Da suka sauka, malamarsu, Malama Kuo, ta tara su a inuwar wata bishiya.

"Ku kasa kunne," in ji ta. "Za mu je filin nan mai manyan fankoki da iska ke juyawa a bakin teku. Can za mu ci abinci. In kuna tafiya, ruwa zai kasance a hannunku na dama..."

Iyakar abin da Wanru ta ji ke nan. Ƙawarta Jiahui ce ta zungure ta, ta raɗa mata, "Yau sai na riga ki isa."

"Ke?" in ji Wanru. "Da wannan keken naki mai kuka kamar tsohuwar ƙofa?"

Suna ta musu ƙasa-ƙasa, Malama tana ta bayani. Da ta gama, ta raba su biyu-biyu. Aka haɗa Wanru da Bohan. Shi ne mafi ƙanƙanta a ajin, kuma watan jiya ya koyi hawan keke.

"Wanru, ki kula da shi," in ji Malama. "Kin dai ji duk abin da na faɗa?"

"Na sani, Malama, na sani!"

Aka kama hanya. Malama Kuo tana gaba, Malam Tseng mai koyar da wasanni yana baya. Bohan yana tafiya a hankali, kekensa yana tangaɗi. Wanru tana kallo Jiahui ta yi musu nisa. Abin ya dame ta.

Can sai sarƙar keken wani yaro ta zame. Malam Tseng ya sauka, ya durƙusa yana gyarawa. Wanru ta hango wani lungu a hagu.

"Bohan, biyo ni. Na san yanke."

"Malama ta ce kada mu bar layi."

"Sau nawa na zo nan da babana? Biyo ni kawai!"

Gaskiyar magana, sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana 'yar shekara shida.

Suka shige lungun. Lungun ya karya hagu, ya karya dama, ya rabu biyu. Suka wuce wani ƙaramin ɗakin ibada mai jan rufi. Suka wuce inda aka shanya kifi. Bayan ɗan lokaci, sai ga ɗakin ibada mai jan rufi a gabansu.

"Ba mun wuce wannan ba?" in ji Bohan.

"Wani ne daban. Ai duk kamarsu ɗaya."

"Har da karen da ke kwance a ƙofar?"

Wanru ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ƙara taka feda. Da ƙyar suka fito wani babban titi. Sai ga ruwa!

"Ka gani?" in ji ta. Ta juya kekenta har ruwan ya koma hannunta na dama. "Yanzu miƙewa kawai za mu yi."

Suka miƙe. Amma wurin bai yi kama da wurin shaƙatawa ba. Babu yashi, babu bishiyoyin kwakwa. Ruwan a kwance yake, ba ya ko motsi. Manyan jirage sun tsaya a ciki, ga kwantenoni an jera kamar gidajen sama. Motocin kaya suna wuce su da ƙara.

Wanru ta fara ruɗewa. Ta ɗaga hannun da take rubutu da shi. Wannan dai shi ne dama. Ta dubi ruwan. Yana dama. To ina fankokin? Ina 'yan ajinsu?

"Wanru, ƙishirwa nake ji," in ji Bohan. "Ruwana ya ƙare."

"Saura kaɗan."

Suka wuce wani mai gadi zaune a bakin wata ƙofa. Bohan ya ce, "Mu tambaye shi mana."

"A kan me? Na ce maka na san hanya."

Rana ta ɗaga, zafi ya yi tsanani. Riguna suka jiƙe da gumi. Can suka ji ƙarar jiniyar jirgi. Wanru ta ja birki, ta buɗe baki. A gabansu ga tashar jirgin fito. Ga bishiyar nan da Malama ta tara su da safe.

"Mun dawo inda muka fara!" in ji Bohan.

"Ba zai yiwu ba! Ruwa yana dama tun ɗazu. Kai ma ka gani!"

Ta juya nan, ta juya can. Kanta ya ɗaure tam. Ko tsibirin ne ya juya? Ko akwai tasha biyu iri ɗaya? Ko ita ce ba ta san dama da hagu ba?

Bohan ya tsaya yana haki. Fuskarsa ta yi ja wur. Ya yi ƙoƙarin sauka daga keke, sai ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa. Ya faɗi, keken ya danne shi. Gwiwarsa ta goge, jini ya fito.

"Bohan! Bohan, tashi!"

"Jiri nake ji," ya ce a hankali.

Wanru ta ɗaga keken daga kansa. Ta duba ko'ina. A gefen titi akwai wata tsohuwa mai sayar da yankakken tumatir da miyar citta. Wanru ta ruga wurinta tana kiranta A-ma, wato kaka.

"A-ma, don Allah ki taimake mu! Abokina ya faɗi!"

Tsohuwar ta ajiye wuƙa nan take. Suka kama Bohan, suka kai shi inuwar rumfarta. Ta cire masa hula, ta ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a wuya. Ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ta wanke masa gwiwa.

"'Ya'yan wa kuke, kuna yawo cikin wannan rana?" in ji ta. "Ko kifin da nake shanyawa ina tausaya masa a irin wannan lokaci."

Wanru ta fashe da kuka. "A-ma, filin fankoki za mu je. Malama ta ce ruwa a dama. Na sa ruwa a dama, amma muka dawo nan. Ni ban gane komai ba!"

"Wane ruwan?"

"Ruwa dai!"

Tsohuwar ta ɗauki tsinken cin tumatir, ta ajiye a kan tebur.

"Duba nan. Tsibirin nan dogo ne siriri, kamar tsinken nan. Ruwa ta nan, ruwa ta can. Wannan gefen teku ne mai igiya. Wancan gefen mashigar jirage ce. Ke kin tsallaka ɗaya gefen, kin sa ruwa a dama, sai kika juyo baya ba ki sani ba."

Wanru ta zuba wa tsinken ido. Sai yanzu abin ya waye mata.

"Ai Malama ta faɗa," in ji Bohan da ƙaramar murya. "Ta ce teku mai igiya, ba wurin jirage ba."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Na so in faɗa. Kika ce kin sani."

Wanru ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta juya hular Bohan. A ciki an manna takarda mai lambar wayar Malama Kuo. Wanru ta cire tata hular, ta duba. Ga lambar nan. Tun safe tana bisa kanta.

"Wannan ma ta faɗa," in ji Bohan.

Tsohuwar ta buga waya. Ba a jima ba sai ga Malam Tseng a guje a kan keke, gumi sharkaf. Fiye da awa guda yana zagaya lunguna yana kiran sunansu. Ya duba Bohan da kyau, ya ga ya dawo daidai. Ya yi ta yi wa tsohuwar godiya. Sannan ya sa Bohan a tasi tare da kekensa, shi da Wanru suka bi hanyar bakin teku.

A filin fankoki, 'yan aji suna zaune jugum. Ba wanda ya buɗe abincinsa. Ba a yi wasa ko ɗaya ba. Idanun Jiahui sun yi ja don kuka.

"Na ɗauka kun faɗa ruwa," in ji ta.

Wanru ta tsaya gaban Malama Kuo.

"Malama, ban saurari bayaninki ba. Na ce na san hanya, alhali ban sani ba. Ni na ja Bohan. Ku yafe mini, dukanku."

Malama ta dube ta. Sannan ta ce, "Kin san abin da ya fi ɓata mini rai? Ba ɓatan da kuka yi ba. Kowa yana iya ɓata. Amma kin wuce mutane da yawa ba ki tambaya ba, har yaron da aka ba ki amana ya faɗi."

"Na..." Wanru ta fara, sai ta kama bakinta. Ta jira har Malama ta gama.

"A hanyar komawa, ke ce ta ƙarshe a layi, kusa da Malam Tseng. Ranar Litinin kuma za ki je gidan su Bohan ki ba mahaifiyarsa haƙuri."

"To, Malama."

Bohan ya matsa gefe a kan tabarmar, ya yi mata wuri. "Zo ki zauna. Yunwa ce za ta sake kayar da ni."

Yara suka kwashe da dariya. Aka buɗe abinci. Iska mai sanyi ta taso daga teku, fankoki suna ta juyawa. Malama ta dubi ajin duka, ta ce, "Ku riƙe wannan. In ana yi muku magana, ku saurara har ƙarshe. In kuma ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba, ku tambaya. Babu kunya a ciki."

Wanru ta gyaɗa kai, ta miƙa wa Bohan rabin mangwaronta.