Ƙwayoyin da Aka Dasa wa Haulat

"Haulat! Mene ne wannan?"

Muhsin na tsaye a ƙofar ɗaki riƙe da ledar maganin da ya tsinto a ƙasan akwatin zannuwanta. Ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

Kofin ruwan da ke hannunta, na biyar tun safe, ya suɓuce.

"Yaya Muhsin, ka tsaya ka ji..."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Tun tana 'yar shekara tara take fama da ciwon suga, allura huɗu kullum. Kawunta Tukur da ke aiki a ƙasar waje ne ya samo mata gurbi a wani asibitin bincike, aka dasa mata ƙwayoyin halitta da ke samar da insulin, sinadarin daidaita suga, a cikin hantarta. Ta dawo Gaya ba allura, aka ɗaura aurensu. Sharaɗin ɗaya ne: kada ta kuskura ta bar maganin da ke lallashin garkuwar jikinta, don jiki baƙo yake ɗaukar ƙwayoyin, da ya farka zai kashe su.

"Likitoci sun ce muddin ina shan sa kada in ɗauki ciki," ta faɗa cikin kuka. "Na gaji da zuwa sunan 'ya'yan ƙawayena! Na ga yadda kake ɗaukar ɗan maƙwabta, kana kallonsa..."

"Na taɓa roƙonki ɗa? Ke na roƙa wurin Allah, ke!"

Hannunsa na rawa ya soki yatsarta, ya ɗiga jinin a na'urar awo. Lambar da ta fito ta nuna sugan ya hau ƙwarai. Kafin ya ɗago ta fara kwara amai.

A cikin mota, a hanyar Wudil zuwa Kano, kanta na kan cinyarsa, numfashinta na fita da ƙyar. Direba na ta zuba gudu, shi kuwa sai kiran sunanta yake.

"Kada ki rufe ido, hasken raina. Dube ni!"

"Ina jin tsoro... Idan na mutu ka yafe min."

"Yi shiru, don Allah yi shiru!"

Kwana biyu ta yi a asibiti a Kano kafin ta gane mutane. A rana ta uku Dakta Sadiya ta ja kujera ta zauna gabansu.

"Jikinki ya riga ya cinye mafi yawan ƙwayoyin. Za mu iya gwada magani mai ƙarfi ko sauran su tsira, amma ba tabbas." Ta dubi Haulat. "Sannan kina da ciki, ƙarami sosai. Maganin zai iya illata shi."

Haulat ta dafe mararta. Muhsin ya runtse ido.

"Idan na bar ƙwayoyin suka mutu fa?" in ji Haulat.

"Kin koma allura, wataƙila har abada. Cikin ma sai an sa ido ƙwarai, sugan da ya hau ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ba zan yi miki alkawari ba."

Haulat ta dubi mijinta. Hawaye ne kwance a idonsa, amma ya gyaɗa kai.

"A ba ni allurar," ta ce.

Saura Inna Hanne, mahaifiyar Muhsin, wadda ba ta amince da auren ba sai da aka ce mata amarya ta warke. Da Haulat ta ji muryarta a baranda, ta zo takanas daga Ajingi, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tsohuwar ta zauna a bakin gado. Ta miƙa hannu ta yaye mayafin.

"Kin yi ganganci, 'yar nan. Kin kusa kashe min ɗa da ransa."

"Ki yafe min, Inna..."

Inna Hanne ta share mata hawaye da gefen zaninta, ta juya wajen nas ɗin da ta shigo da allura.

"Ke, zo nan. Nuna min yadda ake yi. Hannun wannan yaron rawa yake, ni zan riƙa yi mata."