Hannun da Ba a Ƙarasa Ba

Filmon yana kwance a kan katakon magina, hancinsa dab da rufin tsohon gidan wasan kwaikwayo na Asmara, yana goge hayaƙi daga zanen 'yan mata masu rawa, sai ya ji ƙarar kofuna. Ya leƙo. Rahwa ce, mai kawo wa ma'aikata gahawa da gugguru, tana ratsa jajayen kujeru. Tun ranar bawan Allah ya rasa sukuni.

Kafin wata ya ƙare ta zama "Zumata", shi kuma "Ɗan Sama".

Amma da kakarta Adey Lemlem ta ji sana'arsa, ta ce aure kam ko kusa, ta ƙi faɗin dalili.

Ana haka, Filmon ya goge fuskar 'yar rawa ta ƙarshe, wadda aka bar hannunta ba a ƙarasa ba. Rahwa ce sak, har wushiryar!

Da Rahwa ta gani, ta zubar da tire ta fice. Saƙonta ya biyo baya: "Ka san duk wadda aka zana a rufin nan, gidan ke riƙe ta, ba ta aure. Me na yi maka?"

"Zumata, na rantse gogewa kawai na yi. Fentin ya girme mu."

Washegari sai ga tsohuwa Adey Lemlem cikin farin mayafi, Rahwa na riƙe da ita. Ta daɗe tana kallon sama.

"Ni ce," ta ce. "Wanda ya zana ni daga can ya faɗo, ana gab da bikinmu, ina da cikin uwarki."

Ta umarci Filmon ya ƙarasa hannun. In ya sauko da ƙafafunsa, Rahwa tasa ce.

Ya hau, tsoro fal cikinsa. Katako na kuka. Yana ɗora burushi ya ji yatsu masu sanyi sun riƙe wuyan hannunsa, suna jan layin tare da shi. Bai waiwaya ba har ya gama, ya sauko.

Adey Lemlem ta tofa musu albarka tana hawaye.

Ranar biki, a zauren, Rahwa ta ɗaga kai ta yaba zoben da ya sa wa yatsan zanen. Filmon bai zana zobe ba. Ya dubi tsohuwa, ya ga tana yi wa rufin murmushi irin na amare.